Taransifomar raba wuta da ƙugin lasifika

Shagonmu na naɗin taransifoma ne a Kano, ni da yarana masu koyon aiki. Da can sitabilaiza da injin walda ne abincinmu. Yanzu kuwa masu kayan sauti sun yawaita: masu situdiyo, masu hayar lasifika a gidan biki, da kwamitocin masallatai. Kukansu ɗaya ne, ƙugi a lasifika, kuma sun ji an ce akwai taransifomar da ke maganinsa.

Akwai ta, muna ce mata mai raba wuta. Volt 230 ke shiga, volt 230 ke fita. Naɗi biyu ne a kan ƙarfe ɗaya, na shiga da na fita, kuma babu wayar da ta haɗa su, maganaɗisu ne kawai ke ɗaukar wutar daga wannan zuwa wancan. Nan ta bambanta da sitabilaiza da ƙananan masu rage wuta zuwa 110 da ake saya a Sabon Gari, waɗanda yawancinsu naɗi ɗaya ne aka tsago masa baki. Gwajin ba wuya. A zare filogi, a ɗora mita tsakanin bakin shiga da bakin fita, in ta yi ƙara, to ba mai raba wuta ba ce, komai aka rubuta a kwalinta.

Lissafin naɗi, a ƙarfe na gama-gari da wutarmu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, muna raba 45 da faɗin cikin ƙarfen. In murabba'in santimita 30 ne, kowane volt zai ci zagaye ɗaya da rabi, volt 230 ke nan zagaye 345. A naɗin fita mukan ɗan ƙara, domin wuta tana sauka in an ɗora kaya. Ni ba na matse zagaye don in ci ribar waya, saboda ranar da NEPA ta kawo wuta da ƙarfi, taransifomar da kanta za ta kama gurnani da zafi. Haka na Amurka suke yi mana. An yi su ne don wuta mai juyawa sau 60, in sun zo nan sai ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu da wuri.

Abin da ya sa ta dace da kayan sauti shi ne fallen jan ƙarfe da muke shimfiɗawa tsakanin naɗin biyu, mu ja masa waya zuwa ƙasa, wato wayar kariya ta at. Shi ke tare ƙazantar wuta mai jawo ƙara da caja, inbata da fitilun LED ke zubawa a layi. Sai dai bakinsa biyu ba sa haɗuwa. Mukan sa takardar naɗi a tsakani inda suka hau juna, domin in suka taɓa, fallen ya zama zagaye ɗaya da aka yi wa shot, kuma kafin ka gama shan shayi banish ɗin da ke rufe wayar naɗin ya fara wari. Wannan wurin ba na barin yaro ya rufe shi sai na duba.

Wasu taransifomomin ƙasar waje suna zuwa da wayoyi huɗu a ɓangaren shiga, wato naɗi biyu na 115. A nan ƙasar jera su ake yi, ƙarshen na farko ya kama farkon na biyu. In aka juya ɗaya, maganaɗisunsu ya kashe juna, fis ya tashi nan take. Kar a dogara da launin waya, kowane kamfani da nasa. A bi ɗigon da ke nuna farkon kowane naɗi a zanen kamfanin.

Sai maganar wayar ƙasa, inda muka fi jayayya da masu kaya. Taransifoma wayoyi biyu take rabawa, mai wuta da nutural. Ta ƙasa, mai kore da ruwan ɗorawa, dole ta wuce kai tsaye zuwa akwatin da kowane soket. Wani zai ce, "Oga, ai da na karya dogon ƙarfen filogin sai ƙugin ya ɗauke." Gaskiya ne, ya ɗauke. Amma in waya ta zube a cikin amfilifaya, jikinta zai ɗauki wuta, ta bi har makirufon da ladan ke kaiwa bakinsa, ga shi ya fito daga alwala ba takalmi. Ƙugin da ke ɗaukewa in an cire wayar ƙasa, daga haɗuwar ƙasa ta hanya biyu yake, misali mikisa a wannan soket, amfilifaya a wancan, ga wayar sauti ta sake haɗa su. Babbar taransifoma ba ta warkar da wannan. Maganinsa a mayar da kayan duka kan layi ɗaya, ko a sa 'yar ƙaramar taransifoma a kan wayar sautin kanta. Nakan faɗa wa mutum haka ko da cinikin zai kuɓuce.

Ga wani abin lura: na'urar da ke yanke wuta in ta bi jikin mutum, wadda ke allon gida, ba ta ganin abin da ke faruwa bayan taransifoma. Don haka a bakin fita mukan ɗaure ƙafa ɗaya da ƙasa, mu sa wata irin na'urar tsakanin bakin fitar da kayan. Masu situdiyo wasu sun fi son a tsago tsakiyar naɗin a kai shi ƙasa, ya zama 115 nan, 115 can. Yana rage ƙugi, amma ƙafafun biyu duk masu wuta ne, tilas makunni ya yanke su tare.

Girma kuwa, mai VA 1000, wato ma'aunin ƙarfin taransifoma, tana ba da amfiya huɗu da ɗan wani abu, kuma gara ta fi ƙarfin kayan da tazara. Mai siffar zobe tana fizgar wuta lokacin kunnawa, fis mai jinkiri take so. Waya ma sai mun kankare ta da reza kafin mu biya, don akwai alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe.

Kafin kaya ya bar shago, muna kunna shi ta cikin ƙwan lantarki mai zare. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai shot a ciki, sai a warware naɗin daga farko.