Daren da manhajar tace bidiyo ta ƙi buɗewa, bikin mutane yana cikinta

Ina da ɗan shago a Tudun Wada ta Zariya inda nake ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka, in tace, in zuba wa mutane a fulash. Wani daren Talata cikin hunturu, bayan Isha'i, na zauna zan ƙarasa aikin wani biki da aka yi a cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Kamu na gama, ɗaurin aure na gama, saura wuni da kai amarya. Na danna manhajar da nake aiki da ita kullum. Allon farko ya fito, wanda ke nuna tana tashi, sunayen fayiloli suna ta gudu a ƙasansa kamar yadda suka saba. Kafin ya kai ƙarshe sai ɓat, komai ya ɓace. Babu saƙo, babu ƙara, sai hoton bangon kwamfuta yana kallona.

Na sake dannawa. Haka. Na kashe kwamfutar na kunna, na sake gwadawa, ko gezau. Gabana ya faɗi, don na yi wa uwar amarya alkawarin Juma'a. Ƙanwarta da ta zo bikin daga Jos za ta koma Asabar da safe, kuma tana so ta tafi da nata kwafin ta nuna wa tsohuwarsu da ba ta samu zuwa ba. Bidiyon biki ba kamar ɗinki ba ne da za ka ce a kawo wani yadin a sake. An ɗaura aure an watse, abin da ke hannunka shi ke nan.

Abin da na fara yi a daren shi ne abin da yawancinmu ke yi, kuma shi ne ya cinye mini dare a banza. Na cire manhajar gaba ɗaya, na sayi datar dare, na sake sauko da ita na ɗora. Sai kusan kiran sallar farko ta gama. Na danna ina addu'a, ta zo daidai inda take mutuwa ta sake mutuwa. Da safe yaron shagona ya iso, ya ga idona jajir, ya ce, "Oga, a yi mata fomatin kawai a huta." Saura ƙiris in yarda. Abin da ya tsayar da ni, fayil ɗin aikin yana kan kwamfutar, kuma da fomatin za a share har da sauran manhajoji da rubutun ado na sunayen ango da amarya da na daɗe ina tarawa. Sai na kwashe fayil ɗin aikin da foldar da manhajar ke ajiye kwafin aiki da kanta lokaci-lokaci, na zuba a had-dis na waje. Wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi kafin rana ta fito. Fayil ɗin aiki ƙarami ne, ba bidiyon ne a cikinsa ba, bayanin inda ka yanka da inda ka haɗa ne kawai, amma kwana uku na ƙarfina yana ciki.

Na saɓa laftof a jaka na hau Keke zuwa PZ, wurin maigidana da ya koya mini wannan sana'a. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai, bai ko taɓa kwamfutar ba ya ce, "Me ka ɗora mata kwanan nan?"

Na ce, "Wallahi Maigida ban ɗora mata komai ba."

Ya ce, "Abin da ya yi aiki shekaranjiya ya ƙi yau, akwai abin da ya canja a tsakani. Ko kai ka canja, ko wani, ko ita ta sabunta kanta. Bari mu tambaye ta."

Ya ce in danna manhajar, shi kuma ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar bidiyon allon. Da ta mutu sai ya buɗe bidiyon, ya riƙa jan sa da yatsa a hankali har ya tsaya kan hoton ƙarshe kafin allon ya ɓace. Ga sunan fayil nan ɓaro-ɓaro a ƙasa, na ƙarshe da take ƙoƙarin ɗauka lokacin da ta faɗi. Ni na kalli wannan allon ya fi sau ashirin a daren jiya, ban taɓa tunanin rubutun da ke gudu a ƙasa yana gaya mini wani abu ba.

Bai tsaya nan ba, ya ce shaida ɗaya ba ta isa. Ya danna dama a kan alamar Start ya buɗe Event Viewer, wanda ke cikin kowace Windows. Nan ne kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta, da rana da sa'a da minti. Ya shiga Windows Logs, ya shiga Application, sai ga jajayen alamomi jere reras, kowace ɗaya daidai da lokacin da na danna manhajar a daren jiya. Har na ƙarfe huɗu na asuba yana nan. Kowanne lambarsa 1000, lambar da Windows ke sa wa faɗuwar manhaja. Ya buɗe ɗaya ya nuna mini layi biyu da ya ce su ne kan magana. Na farko sunan manhajar da ta faɗi. Na biyu, wanda aka rubuta Faulting module name, shi ne sunan ɓangaren da faɗuwar ta auku a cikinsa. Sunan da ke wurin shi ne dai wanda muka gani a bidiyon wayarsa. Ƙasa kaɗan akwai 0xc0000005, wanda ya fassara mini da cewa wani abu ya kai hannu wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a ba shi izini ba, Windows kuwa ba ta lallashi a nan, rufe manhajar take yi nan take.

Sunan fayil ɗin ba na manhajar ba ne, ba kuma na Windows ba. Na irin ƙarin kayan adon nan ne da ake ɗora wa manhaja daga waje, waɗanda muke kira fulogin, masu sa hoto ya juya ko furanni su zubo tsakanin fitowa da fitowa. Na kira yarona a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce ranar Talata da rana, lokacin da na tafi ɗaukar suna a Samaru, ya karɓo tarin irin waɗannan a fulash wurin abokinsa ya ɗora, yana so ya burge ni da su a bikin nan. Raina ya ɓaci, amma da na natsu sai na ga rabin laifin nawa ne. Ban taɓa zaunar da shi na gaya masa abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa ba, kuma da asusu ɗaya muke shiga kwamfutar, mai ikon ɗora komai.

A nan na fahimci abin da ya sa wahalar da na sha da dare ba ta yi amfani ba. Duk lokacin da manhajar tace bidiyo za ta tashi, sai ta bi foldar fulogin ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Idan a ciki akwai wanda aka yi domin tsohon zubin manhajar, ko wanda ya lalace wajen kwafa, yana iya jan ta su faɗi tare. Ita kuwa wannan folda sau da yawa ta gama-gari ce, a wani wuri dabam take a cikin Program Files, cire manhaja ba ya share ta. Haka ma foldar saituna, wadda wasu manhajoji ke ajiyewa a Documents, wasu a ɓoyayyiyar foldar AppData. Ka cire ka sake ɗorawa sau goma, sabuwar za ta zo ta tarar da abin da ya kayar da tsohuwar yana jiran ta. An sake tukunya, ruwan bai canja ba.

Maigida bai goge fayilolin ba. Folda ya buɗe a gefe ya kwashe su duka ya zuba, ya ce abin da ba ka tabbatar ba kada ka goge, matsar da shi, in ka yi kuskure sai ka mayar. Muka danna. Sunaye suka yi ta gudu, suka wuce inda suke tsayawa, manhajar ta buɗe. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo.

Murnar ba ta daɗe ba. Da na buɗe aikin bikin sai ta daskare, allon ya yi fari-fari. Na ce shi ke nan, aikin ya lalace. Ya ce in buɗe sabon aiki fanko mu gani. Ya buɗe lafiya. Ya ce in jawo bidiyon wani biki dabam, shi ma lafiya. Ashe matsala ta biyu ce, ba ruwanta da ta farko. Sai na tuna ranar Litinin an ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, batirin laftof ɗin kuma ya daɗe da mutuwa, don ta hannu na saya, wuta na tafiya take ɗif. Manhajar tana ajiye wasu fayiloli na wucin gadi don sauti da hoto su riƙa tafiya da sauri, kuma in wuta ta yanke tana cikin rubuta ɗaya, sai ya zauna rabi da rabi. Muka nemi foldar muka share abin da ke ciki. Hannuna na rawa, sai da ya sa na karanta adireshin foldar sau biyu na tabbatar ba inda bidiyon bikin yake ba ne. Waɗannan fayiloli manhajar tana sake gina su da kanta. Ta ɗauki kusan rabin sa'a tana yi, muka je muka yi Azahar, muka dawo muka tarar da aikina cif, har inda na tsaya a waƙar kamu.

Kafin in tafi ya ƙara mini karatu a kan wannan layi na Event Viewer, kuma shi na fi amfana da shi daga baya. In sunan ya fara da nv, kamar nvoglv64.dll, to direban katin hoto na NVIDIA ne, wato ƙaramar manhajar da ke tafiyar da na'urar da ke fitar da hoto a allo. Na Intel kan fara da ig, na AMD da ati ko amd. A irin wannan sai ka shiga Device Manager, ƙarƙashin Display adapters, ka mayar da direban zuwa na baya in an sabunta shi kwanan nan, ko ka sauko da wanda ya dace daga wurin kamfanin da kansa. Laftof da yawa katin hoto biyu gare su, ƙarami mai tattalin batir da babba na aiki mai nauyi, kuma a saitunan hoto na Windows kana iya tilasta wa manhajar ta hau babban. In kuwa sunan ntdll.dll ne ko KERNELBASE.dll, waɗannan na Windows ne, kuma galibi inda abin ya fashe suke nunawa, mai laifin yana wani wuri. Nan sai ka koma kan saituna: ka rufe manhajar, ka canja wa foldar saitunanta suna, ka ƙara mata "tsoho" a ƙarshe, manhajar za ta ƙirƙiri sabuwa fes in ta tashi. Masu manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro suna da gajeriyar hanyar yin haka, su danne maɓallin Alt lokacin da take tashi.

Akwai maganar da ba a cika yi a fili a sana'armu ba, amma ya yi mini ita. Da yawa cikinmu da manhajar da aka fasa makullin lasisinta suke aiki, wadda ake yawo da ita a fulash. Irin wannan, manhajar tsaro ta Windows kan kama wani fayil nata ta killace, washegari ta ƙi buɗewa, mutum ya rasa dalili. Abin da ya fi muni, ba ka san me aka cusa a ciki ba, alhali hotunan matan mutane da 'ya'yansu ne a kwamfutarka. Amana ce. Wanda kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsa, DaVinci Resolve tana da zubin kyauta, sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi, ga kuma Shotcut da Kdenlive, su kyauta ne gaba ɗaya kuma sun fi sauƙi a kan ƙaramar kwamfuta.

Da yake an riga an zo, Maigida ya kwance bayan laftof ɗin. Ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, ja-ja, har ta toshe ramukan da iska ke fita. Ba ita ta hana manhajar buɗewa ba, amma ita ce ke sa kwamfutar ta yi zafi tana huci duk lokacin da nake fitar da bidiyo. Ya share da buroshi, ya sa sabon man sanyaya. A ranar na sayi batir, ko da yake kuɗin ya taɓa ni.

Yanzu akwai littafi ɗan sittin a kan teburin shagon. Duk abin da aka ɗora wa kwamfutar ko aka sabunta, a rubuta rana da suna. Ba na sabunta manhaja ko direba ina tsakiyar aikin wani, sai na miƙa. In matsala ta taso abu ɗaya nake canjawa in gwada, don in ka canja uku lokaci guda ta gyaru, gobe ba ka san wanne ne maganin ba. Yarona na buɗe masa nasa asusun marar ikon ɗora komai, kuma na zaunar da shi na nuna masa Event Viewer kamar yadda aka nuna mini. Fulogin ɗin da ya kawo mun mayar da su ɗaya-ɗaya bayan an gama aikin, muna buɗe manhajar bayan kowane. Guda ɗaya ne tak mai kayar da ita, sauran muna aiki da su har yau.

Daren Laraba da na Alhamis a shago na kwana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga birni da fulash biyu a aljihu. Na yi sallama, aka yi mini iso, na durƙusa na ce, "Hajiya, ga alkawari." Aka sa a talabijin, mata suka taru a falo. Da aka zo wurin kai amarya, inda yarinyar ta riƙe gefen mayafin uwarta ta ƙi saki, Hajiya ta ce a mayar baya. Sau uku ana mayarwa, ƙanwarta na gefe riƙe da nata fulash ɗin a ƙulle cikin bakin zane.