Dogon da na shimfiɗa a ɗakin baƙi, da rigimarmu da ƙurar hunturu

Falle ɗaya na filawud ne, irin mai ƙafa 8 da ƙafa 4 ɗin nan da ake sayarwa a kasuwar katako, kafinta ya yi masa firam da ƙafafu ya kai min daidai ƙugu. A kansa duk ɗan jirgin ƙasan wasan nawa mai tafiya da lantarki yake, layin dogo da ya zagaye, tasha ɗaya mai layi uku, 'yar unguwa a gefe, sai fili da na bari don gadar da har yanzu ban gina ba. Sikelin da nake amfani da shi HO ne, wato komai an rage shi sau 87, tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa milimita 16.5. Akwai N wanda ya fi ƙanƙanta, sau 160 a kan milimita 9, shi ya fi dacewa da mai ƙaramin ɗaki, amma ni idona ba zai iya da waɗannan 'yan ƙafafun ba gaskiya. Akwai kuma OO na Ingila, irin na kamfanin Hornby, sau 76, dogonsu ɗaya da HO don haka za su hau layi ɗaya lafiya lau, sai dai idan ka jera su za ka ga na Ingilan ya ɗan fi jiki.

Kayan dai ba a samunsu a shago a Kaduna, sai oda ko wani ya taho maka da su, kuma na hannu sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Abu ɗaya da zan ja kunnen duk mai sha'awa, ka duba na'urar ba da wutar kafin ka jona. Ta Amurka wuta 120 take sha, tamu 230 ce, kana jonawa sai dai ka ji ƙauri. Ta Ingila ba matsala, har bakin soket ɗinmu ɗaya. Ni ma ban dogara da wutar gari ba, tunda injinan DC ne, wato masu shan wuta irin ta batir, na bolt 12, mai gyaran rediyo ya haɗa min ɗan akwatin rage gudu da ƙara shi da makunnin juya gaba da baya da fis, na jona a batirin sola, ko an ɗauke wuta jirgina na tafiya. DCC da ake ta yayi, wanda ake sa wa kowane inji ɗan ƙwaƙwalwarsa ka tuƙa biyu uku a layi ɗaya kowa da gudunsa, yana da kyau ba musu, amma kuɗinsa ya sayi taragu da yawa, ni kuma mutum ɗaya ne da hannu biyu.

Toh, asalin aikin fa ba ginin ba ne, ƙura ce. Turawan da ke koyarwa a YouTube za su ce ka goge layi lokaci-lokaci, ba su san Disamba da Janairu a Kaduna ba, inda za ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma amma da safe ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Shi wannan jirgin wutarsa ta cikin dogon take bi ta hau ƙafafunsa ta isa 'yar motar lantarkin da ke juya su, kuma inda ƙafa ke taɓa ƙarfe bai wuce kan allura ba, ƙura kaɗan ta shiga tsakani sai ka ga fitila na ƙyafta ido, inji ya yi tsam a tsakiyar kwana, ka taɓa shi da yatsa ya zabura. Duk ƙyaftawar nan tartsatsi ne, shi ke barin wani baƙin dauɗa a saman dogon da jikin ƙafafun, dauɗar ta ƙara kama ƙura, haka abin ke ta ninkuwa.

Abin da ke min aiki shi ne tsohuwar farar singileti da sifirit na kemis, in naɗe yatsa in bi layin gaba ɗaya kafin in kunna, za ka ga layi biyu baƙaƙe sun fito a tsumman. Ƙafafun inji kuma sai in shimfiɗa ƙyallen da na jiƙa a kan dogo, in ɗora rabin injin a kai rabi a kan ƙarfe, in ba shi wuta in riƙe shi ƙafafun su yi ta juyawa suna wanke kansu. Kar a kuskura a sa samfefa, tana haskaka ƙarfen a take amma ta bar ƙananan karce da dauɗa za ta zauna a ciki. Mai ma haka, ɗigo ɗaya da kan allura a giya da bakin gatari ya isa, kuma na musamman wanda ba ya cin roba, ban da baƙin mai ban da man gyaɗa, don mai da yawa da hunturu laka suke zama. In na gama sai in rufe teburin da leda mai faɗi a kan sandunan da na kafa don kar ta danne bishiyoyi, injinan kuma su koma kwalinsu.

Damina da nata salon. Filawud na shan laima ya kumbura, in ba a yi masa fenti sama da ƙasa da gefe ba layin zai karkace. Zafin Maris da Afrilu kuma ƙarfe ke miƙewa, shi ya sa nake barin 'yar tazara kamar kaurin kati a wasu mahaɗan, in liƙa waya da dalma a kowane yanki daga ƙarƙashin tebur don kar wuta ta dogara da mahaɗar kawai. Ƙafafun teburin kuma a sa ido a kansu saboda gara.

Kayan ado kam ban sayi komai daga waje ba, me zan yi da koren ciyawar Jamus da coci mai tsini. Jar ƙasa na ɗebo na tankaɗe da rariya, na soya ta a tsohon kasko don ƙwari su mutu, sannan na bi ta da maganaɗisun tsohuwar sifika, don ƙasarmu akwai ƙarfe a ciki kuma motar inji maganaɗisu ce, za ta zuƙe shi ya shiga giya. Tsakuwar layi yashi ne mai ɗan kauri, a baza shi da buroshi a ɗiga masa farin gam na Top Bond da aka sirka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ya kwana ya zama dutse, amma a kiyaye wurin canjin layi kar gam ya kama shi. Kwanon rufi daga takardar alminiyon na matsa shi a kan matsefi ya yi gwalo-gwalo, na shafa masa ruwan tsatsa. Waya da ƙusoshi da tarkacen ƙarfe kuwa kasuwar Panteka ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga reluwe, ranar da ya shigo ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sai can ya ce "Ɗana, tashar taka ta tsohon layi ce amma dogon na Rigasa ne." Kuma da gaskiyarsa. Tsohon layin da ya taso daga Legas ya ratsa Minna da Kaduna da Zariya, wanda jirgi ya isa Kano a 1911, da reshen da ya yi Kafanchan har Fatakwal, faɗinsa milimita 1,067 ne. Na Abuja zuwa tashar Rigasa ta nan Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ne mai 1,435, kuma in ka ninka 16.5 sau 87 nan za ka sauka. Mai son tsohon layi sak a HO sai ya nemi dogo mai milimita 12. Na ce "Baba, a yi min afuwa, wannan ɗin ma da ƙyar ya iso." Ya yi dariya ya ja kujera, shi ya hana ni zagaye marar dalili, ya ce jirgi ba majajjawa ba ne, a layi ɗaya na kaya ke shiga gefe ya jira na fasinja ya wuce, a cire tarago a ajiye a ɗauki wani, a tashi da lokaci. Tun daga nan yarana ke rubuta jadawali a bayan kalanda, ƙaramar ita ce mai tuta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, in ka tashi ba ta ba da hannu ba sai "Abba koma baya."

Gadar ce ta tsaya min. Ina so layi ya hau ya tsallake ɗaya layin da 'yar kogin Kaduna da zan zuba a ƙasa, ana buƙatar tsayin kusan santimita 8 don tarago ya wuce ta ƙarƙashi, kuma hawan da inji zai ja kaya ba tare da ƙafafunsa na sulɓi ba kashi 2 cikin 100 ne, wato mita 4 na hawa, wasu 4 na sauka, teburin kuwa tsawonsa bai kai mita 2 da rabi ba. Sai an ƙara rabin falle ta wajen taga, inda keken ɗinkin uwargida yake, ita kuma ta ce in fara nemo wa keken wuri mai haske tukuna.