Kafin ka sa wuƙar aljihu a jakar tafiya

Shagonmu na wuƙaƙe da kube a gefen Kasuwar Kurmi ƙarami ne. Muna karɓar wuƙaƙe daga maƙera, dukawa su ɗinka mana kube, sannan muna ajiye na kamfani masu naɗewa irin su Victorinox da Opinel. Wani kaso na masu sayenmu mutanen da ke zaune a waje ne: ɗalibai, likitoci, masu gasa tsire a Landan, 'yan kasuwar Guwanzu. Da mutum ya ce tafiya zai yi da ita, sai cinikin ya sauya. Kafin a yi maganar kuɗi muna tambayarsa ƙasar da za shi, ta wace hanya wuƙar za ta isa can, kuma a gida za ta zauna ko a aljihu.

Dalilin tambayar shi ne, dokar shigo da wuƙa daban, ta mallakarta a gida daban, ta fita da ita titi daban. Akwai wuƙar da kwastan za su bari ta wuce, ta yi shekara a kicin ba mai ce maka komai, amma ranar da ɗan sanda ya same ta a aljihunka a tashar jirgin ƙasa, kotu za ku je.

Yawancin mutane tsawo kawai suke tambaya. Tsawo yana da muhimmanci, amma abin da ya fi kama mutane shi ne makulli da yadda wuƙar ke buɗewa. Masu naɗewa iri uku ne a hannunmu. Ta farko sifirin ne kawai a bayanta yake riƙe ruwan wuƙar. Ka danna da hannu ta koma cikin ƙota. Ta biyu in ta buɗe sai ta kulle, ba ta rufewa sai ka danna wani ƙarfe ko ka murɗa zobe. Ta uku da kanta take fita in ka taɓa maɓalli. A nan Kano kowa mai makulli yake so, kuma da gaskiyarsa, don ba ta rufewa a kan yatsa in kana yanka igiya ko fere rake. Sai dai wannan makullin shi ne laifinta a Ingila.

Sashe na 139 na dokar hukunta laifuka ta 1988 a Ingila ya yarda ka fita da wuƙa mai naɗewa ba tare da bayar da dalili ba, in kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Kotunansu sun yanke tun shekarun 1990 cewa wuƙa mai makulli ba ta cikin wannan rangwamen, komai ƙanƙantarta. Opinel lamba 6 misali ce mai kyau: ruwanta santimita 7 ne, ƙasa da iyaka, amma tana da zoben nan da ake murɗawa a kulle, don haka ta fita daga rangwame. Lamba 5 ba ta da zoben. Victorinox mai tsawon milimita 91 a rufe ba ta kullewa, ruwanta kuma bai kai inci 3 ba, ita muke miƙa wa mai zuwa Ingila. Manyan masu milimita 111 kuwa suna kullewa. Haka Leatherman Wave da masu gyaran wuta da kwamfuta ke so. Mutum yana ganinta filaya ce, doka tana ganin wuƙa mai makulli. Hukuncin zai iya kai shekara 4 a gidan yari, kuma babba da aka kama karo na biyu, wata 6 ne mafi ƙarancin abin da doka ta tanada. Ga wanda ke zaune da biza, hukuncin kotu yana biyo shi har ranar sabunta takarda.

Dokar ta karɓi uzuri uku a fili: aiki, addini, da tufafin gargajiya. Mai tsire da ke kan hanyarsa ta zuwa shago da wuƙaƙensa a naɗe a cikin jaka yana da hujja. In ya tashi aiki ya manta da ita a aljihun riga ya tafi kallon ƙwallo, hujjar ta ƙare. Wasu kan ce ai wuƙar layya ce, addini ne. Wannan ba ya tsayawa, don a Ingila yankan addini sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, ba a bayan gida ba. Mafi muni duka shi ne amsar da bakinmu ya saba da ita: "don kare kai na riƙe." Da ka faɗi haka, ko 'yar ƙaramar da doka ta halatta ta zama makami a idonsu, a ƙarƙashin wata doka ta 1953. In an tambaye ka, faɗi aikin da take yi maka na gaskiya, buɗe kwali ne ko ɓare lemo.

Jamus lissafinta daban ne, shi ya sa wanda ya saba da Ingila yake rikicewa. Sashe na 42a na dokar makamansu ya hana fita da wuƙar da ta haɗa abu biyu: ana buɗe ta da hannu ɗaya, kuma tana kullewa. In sai da hannu biyu take buɗewa, makullinta ba laifi ba ne. Opinel lamba 8 da za ta jawo maka magana a Landan ba ta shiga wannan hanin ba. Wuƙar da ba ta naɗewa kuwa, iyakarta santimita 12. Tara tana iya kai Yuro 10,000. Bayan harin wuƙa na garin Zolingen a watan Agustan 2024 sun ƙara tsanantawa: an hana wuƙa kowace iri a bukukuwa da tarukan jama'a da jiragen ƙasa masu dogon zango, kuma birane na da wuraren da suka keɓe aka hana ta gaba ɗaya, galibi kewayen manyan tashoshi. Faransa ba ta ba da wani tsawo da za ka jingina da shi; sai dalili karɓaɓɓe, kuma ɗan sanda da alƙali ne ke auna shi.

A Amurka kowace jiha da nata, wani lokaci birni ma da nasa. Abin da ya shafi kowa shi ne dokar tarayya ta 1958 da ta hana shigo da wuƙa mai fita da maɓalli, kuma kwastan ɗinsu suna sa mai ƙota biyu da ake juyawa a hannu cikin wannan sahun. Birnin Niyok ya hana ruwa mai inci 4 ko fiye, ya kuma hana a ga wuƙar a jikinka, don haka ɗan maƙalin nan da ake ratayawa a bakin aljihu shi kansa yana jawo tsayarwa. Ginin gwamnatin tarayya sai mai ƙasa da inci biyu da rabi, kuma masu gadin ƙofa na iya ƙin ko da ita. Kanada ba ta sa iyakar tsawo ba, amma tun 2018 jami'an iyakarta suna ƙwace wadda za a iya buɗewa da girgiza hannu. Kafin mu ba mai zuwa can, muna riƙe ƙotar mu kaɗa da ƙarfi. In ruwan ya fito, ba ta tafiya ba ce.

Sai namu na gida, wanda a nan ne zuciyar mai saye ta fi karkata. Wuƙar damtse da ta Buzaye, mai baki biyu da tsini, da kube mai ado, ita ce mafi kyawun aikin maƙeranmu, kuma ita ce mafi wuyar fita. Baki biyu a idon kwastan da 'yan sanda alamar makami ne, ba kayan aiki ba. A ƙasashe da yawa za ta iya shiga a matsayin kayan ado ta zauna a bango, amma kada a sa ta a jiki ranar Sallah a fita da ita. Japan ma tun 2009 ta hana mallakar mai baki biyu da ta kai santimita 5.5.

Wani lokaci ba ƙarfen ne matsala ba, kuben ne. Fatar mesa da ta kada da ta guza duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta duniya, ba sa tsallake iyaka sai da takardar izini. Hauren giwa kuwa ba a ma fara maganarsa. Ga mai tafiya, fatar akuya da aka jeme da bagaruwa muke sa a ɗinka, ƙota ta itace ko ƙahon saniya, mu rubuta hakan a rasit. Tsohuwar wuƙa ko takobin gado da aka saya a Kurmi na iya shiga sahun kayan tarihi, fitar da su sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Gidan Makama nan ne wurin fara tambaya.

Maganar jirgi gajeriya ce. Wuƙa tana shiga jakar da ake aunawa a kai cikin jirgi, ba jakar hannu ba, tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Dokar Tarayyar Turai ta bar ruwan da bai wuce santimita 6 ba a jakar hannu, amma Amurka ba ta bar ko ɗaya ba, kuma mai sauya jirgi a Alƙahira ko Adis Ababa zai sake bin na'urar bincike a can. A duba 'yar ƙaramar da ke jikin makullan mota, ita aka fi mantawa. Mai zuwa Guwanzu ya san cewa kowace tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa akwai na'ura a ƙofa. Alhazai kuma, ana binciken jaka a ƙofofin Harami.

In aikawa za a yi ta gidan waya ko kamfanin aika kaya, a fara tambayar ko suna karɓar wuƙa zuwa ƙasar, don ba duka ke karɓa ba. A takardar kwastan a rubuta gaskiya: wuƙa mai naɗewa, ba makulli, tsawon ruwa kaza, kuɗi kaza. Lambar kwastan ta masu naɗewa 8211.93 ce, takobi da wuƙar yaƙi suna 9307. Rubuta "kayan kicin" a kan wuƙar damtse ba ya ɓoye ta a na'ura, sai dai ya mayar da kuskure ya zama ƙarya. Ga yawancin wuƙaƙe, mai karɓa a Ingila dole ya kai shekara 18. Tsawo kuma daga bakin ƙota zuwa tsini muke aunawa, ba wurin kaifi kaɗai ba, don ba ka san ta inda jami'i zai sa ma'auninsa ba.

Wuƙar maƙeranmu daga sifirin mota ake ƙera ta, ƙarfe ne mai riƙe kaifi amma mai saurin tsatsa. Iskar Kano busasshiya ce. Ta kai ƙasar sanyi da raɓa, kuben fata sai ya riƙe laima ya ci ruwan wuƙar cikin makonni. Don haka ba ma tura ta a cikin kube. Muna shafa mata man keken ɗinki kaɗan, mu naɗe ta a takarda, mu sa kwali ninki biyu a tsinin mu ɗaure da salatif, kuben kuma a ledarsa daban. In ta abinci ce, man gyaɗa na ɗan lokaci ya isa, amma a wanke shi da isa, don yana daskarewa ya yi danƙo a mahaɗar wuƙa mai naɗewa har ta ƙi buɗewa.