Manajan 'Yan Rawa: Aikin da Ake Gamawa Kafin a Buga Ganga

Duk ƙungiyar rawa da ta fara fita wajen garinsu tana buƙatar mutum ɗaya wanda ba ya rawa, ba ya kiɗa. Nasa waya ce, da takarda, da lissafi. A Bauchi da Gombe galibi shugaban ƙungiya ne ke haɗa wannan da jagorancin fage, shi ya sa za ka ga mutum da akayau ɗaure a ƙafa yana sa-in-sa da direba kan kuɗin mai, alhali ana ta kiran sunan ƙungiyarsa a lasifika. Wannan gurbin sana'a ce mai zaman kanta, kuma matashin da ya iya rubutu da lissafi zai ci abinci da ita.

Ayyuka uku ne ake cakuɗawa. Akwai dillali, mai kawo gayyata ya karɓi la'adarsa ya koma gefe. Akwai manaja, mai riƙe ƙungiya shekara guda cur: rajista, asusu, ciniki, talla. Sai uban tafiya, wanda ke cikin mota tare da su. A ƙaramar ƙungiya mutum ɗaya ne ke yin ukun, amma a fayyace tun farko wanne ake biyansa a kai. La'adar da aka saba da ita a harkar nishaɗi tana tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Rigimar ba a kan yawanta take tashi ba, a kan inda za a cire ta ne: daga kuɗin ciniki gaba ɗaya, ko bayan an fitar da mota da abinci? A ganina ta biyun ta fi adalci, domin tana sa manaja ya tsuke kashe-kashe. Ko wacce aka zaɓa, a rubuta.

Masu biyan kuɗin rawa a wannan yanki sanannu ne. Gwamnati na gaba: tarbar baƙi, buɗe ayyuka, da NAFEST, bikin fasaha da al'adu na ƙasa da aka fara a 1970, wanda Hukumar Raya Al'adu ta Ƙasa ke shiryawa duk shekara, jihohi na tura tawaga. Hukumomin al'adu na jiha suna da nasu 'yan rawa masu albashi, amma sukan ɗauki na waje idan ana son rawar wata ƙabila yadda masu ita ke yin ta. Sai fadoji lokacin naɗin sarauta, da ranakun al'adu a jami'o'i irin su ATBU da ta Kashere, da bukukuwan aure, da ƙungiyoyin wayar da kai. Daga kaka zuwa Janairu aiki ke yin yawa, lokacin bukukuwan ƙasar Zaar a Tafawa Ɓalewa da Bogoro da na Tangale-Waja a kudancin Gombe, har zuwa bikin Kalaba na Disamba. Azumi kuwa babu aiki, damina ma sai ɗai-ɗai. Manajan da bai ware wani abu a Disamba ba, a Agusta zai ga makaɗansa sun koma wata ƙungiya.

Yanzu ciniki, inda yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa. Mai taro ya kira ya ce "nawa za ku zo Abuja?", shugaba ya faɗi kuɗin da ya yi masa daɗi a baki, sai a Akwanga ya gane mota ta cinye rabi. Kada ka faɗi farashi a wayar farko. Ka ce za ka kira nan da awa biyu, ka zauna ka lissafa daga ƙasa.

Fara da mota. Homa mai kujera 18 ba ta ɗaukar mutum 18 da kayansu. Ganguna, garkuwa, akwatin sutura da jakunkuna za su cinye layin baya gaba ɗaya, saura wurin mutum 14. Ƙungiya mai 'yan rawa 12 da makaɗa 5 da manaja, ko dai ta ɗauki Kosta, ko ta ƙara ƙaramar mota, ko ta rage mutane. Kuɗin shata na zuwa da dawowa ne, haɗe da kwanan direba da abincinsa, kuma a faɗa a gaban shugabannin tasha wa ke da alhakin mai da gyara idan mota ta lalace. Sai abinci sau uku a kowace rana har da ranakun hanya, ruwan sha, masauki, wanki da gyaran sutura, kuɗin motar zuwa gwaji na kwanakin shiri. A kan jimlar a ɗora kashi 10 na ko-ta-kwana. Bayan wannan ne ake sa ladan kowane mutum, da kason asusun ƙungiya, da la'adarka. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashi, wanda ba a sauka daga gare shi ko gwamna ne ya kira.

Kuɗin kafin alƙalami ya zama aƙalla rabi, kuma lalle ya rufe mota da abinci da masauki. Mota ba ta tashi sai ya shigo asusu. Cikon kuwa a karɓa kafin a shiga fage. Da zarar an tafa an watse, wanda ya gayyace ku zai shiga motar babban baƙo, wayarsa kuma ta daina shiga.

Aikin gwamnati yana da nasa tarkon. Takardar gayyata ba takardar amincewa da biyan kuɗi ba ce. Tambayi jami'in a hankali: "Ranka ya daɗe, an amince da kuɗin ne, ko fayil ɗin yana hanya?" Idan yana hanya, to bashi za ku bayar, sai ka duba ko asusunku zai iya ɗaukar watanni. Kuma ba sa son biya a asusun mutum. Ka yi wa ƙungiya rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka karɓi lambar haraji, ka buɗe asusu da sunanta mai sa hannun mutum biyu. Ka tuna za a cire haraji kafin kuɗin su iso, ka sa shi cikin lissafi.

Yarjejeniya ba sai ta yi shafi goma ba, shafi ɗaya ya isa: rana, wuri, lokacin isowa da na shiga fage, fita nawa kuma minti nawa kowace, yawan mutane, kuɗi da ranar biya, wa ke da masauki, da abin da zai faru idan aka ɗage taro. A ce kafin alƙalami ba ya dawowa idan an soke saura ƙasa da mako guda. A ƙara layi kan ɗaukar bidiyo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai wasa iko a kan naɗar wasansa da yaɗa shi, don haka ɗauka don tarihi daban, sakawa a tallar kamfani ko ta ɗan takara daban, kuma kuɗinsu daban.

Rabon kuɗi shi ke kashe ƙungiya fiye da rashin aiki. Tsarin kaso ya fi sauƙi: ɗan rawa kaso ɗaya, babban makaɗi da mai tsara rawa ɗaya da rabi ko biyu, ɗan koyo rabi. A karanta lissafin tafiya a gaban kowa kafin a raba. Liƙi kuma a yanke hukuncinsa tun a gida, na wanda aka liƙa wa ne ko na tukunya ɗaya. Gara a haɗa, domin idon jama'a na kan na gaba, shi kuwa mai ganga yana can baya yana zuba gumi. A naɗa mutum ɗaya mai tattarawa, a ƙirga a gaban biyu. Sannan sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta, hukuncinsa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 aƙalla, kuma tun 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da sanannun mutane a kai. Faranti a gefen fage da lambar asusu a allo sun raba gardama.

Wurin wasa a gan shi kwana ɗaya kafin taro, ko a sa a turo bidiyonsa. Kowane ɗan rawa na buƙatar kimanin mita biyu-biyu, wato mutum 12 na son fili mai mita 8 da 6, ban da wurin makaɗa. Tayil yana da santsi, siminti yana cin gwiwa a rawar tsalle, intalok da tsakar rana kuwa yana ƙona tafin ƙafa. Dandamalin katako na haya a hau a yi tsalle a kansa a ji ko yana lilo. Ganga ba ta cika buƙatar makirfo ba, mawaƙi da mai sarewa su ne ake binnewa idan babu. Fata kuma tana bin yanayi: a damina ko a garin da ke da laima irin Kalaba tana saki, sai an shanya ko an gasa a nesa da wuta, a hunturu tana ɗaurewa har ta fashe. A tafi da fata da tsarkiya da sandan kiɗa na ajiya, da allura da zare. Kowace rawa a tanade ta kala uku, ta minti 5, ta 12 da ta 25, domin jawabai za su ci lokaci, mai gabatarwa ya raɗa maka cewa minti biyar gare ku. Kada a ci tuwo saura ƙasa da awa biyu a shiga, kuma kada a sa cikakkiyar sutura sai an ga babban baƙo ya zauna.

A hanya, sammako ya fi. Jerin sunaye da lambar wani na gida ga kowa, kwafi a mota, kwafi a gida. Takobi, mashi ko bindigar wasa su tafi da takardar gayyata a kusa, don shingayen bincike. Yaran da ba su kai 18 ba sai da takardar izinin iyaye. Mata a ba su ɗaki nasu da babbar mace mai kula da su, domin magana ɗaya ta koma gida, iyaye sun janye 'ya'yansu ke nan. Dokar gari ma ta bambanta: rawar maza da mata tare da ta wuce lafiya a Kaltungo ko Jos na iya jawo Hisba a wani garin. A tambaya kafin a zaɓi rawa.

Fita waje, a taƙaice, aikin wata shida ne. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardar gayyata ta asali. Bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai na buƙatar inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Amurka na da biza mai suna P-3 don masu wasan al'ada, kuma mai gayyata ne ke fara shigar da buƙata daga can. Kayan wasa ma a duba su: fatar damisa, gashin jimina, da fatar guza da ake rufe goge da ita suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji masu ƙarewa, kwastan na iya ƙwace su idan babu izini. A ɗinka na kwaikwayo. Abin da ya fi kama da tsohon kayan tarihi kuma sai da takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Mutum ɗaya ya sulale bai dawo ba, ƙungiyar ta rufe wa kanta ƙofar wannan ofishin jakadanci. Duk wanda ya zo da kuɗi a sa sunansa cikin tawaga alhali bai san takun rawa ba, a sallame shi.

Mai son shiga sana'ar yana iya karanta fannin wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos, ko ABU Zariya, ko Bayero, inda ake taɓa darasin gudanarwa. Amma ƙofar da ta fi kusa ita ce ka je wurin gwajin wata ƙungiya a unguwarku, ka nemi a ba ka littafin lissafi da jerin kaya na tafiya biyu ko uku. Daga nan ka haɗa musu bidiyo na minti 3 da aka ɗauka da rana, waya a kwance, da hotuna shida masu kyau, da shafi ɗaya na Hausa da Turanci mai sunan kowace rawa, ƙabilarta, tsawonta da yawan masu yin ta. Da wannan za ka fara zagaya ofisoshi a watan Satumba, kafin a rufe jerin masu wasa na ƙarshen shekara.