Yau dai na gano abin da ke sa motar nan zafi

Kwana biyun nan tsohuwar motata ta hana ni sakat. In ina kan babban titi ina tafiya allurar zafi tana tsakiya abinta, amma da na shiga gosulo ko na tsaya injin na aiki sai ta fara hawa har ta kusa jan layi. Wannan kaɗai ya sa na zargi fanka, don in mota na gudu iska ce ke hura lagireto da kanta, in ta tsaya kuwa fanka ce kawai ke wannan aikin. Da a ce a gudu take zafin da sai in ce lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji.

Da sassafe na buɗe bonet tun injin na sanyi, don murfin lagireto ba abin taɓawa ba ne da zafi, ruwan ciki a matse yake kuma ya wuce digiri 100, in ka murɗe shi tururi zai watso maka a fuska. Ruwan ya ɗan ragu kuma ya yi ja da tsatsa. Gabana na faɗuwa na buɗe murfin baƙin mai, tsorona gasket ɗin kan injin, wadda ke raba hanyar ruwa da ta mai, don in ta ƙone ruwa na haɗuwa da mai ya koma kamar an zuba masa madara. Alhamdulillahi baƙi ne wuluk. Na tada injin murfin lagireto a buɗe ina kallo, babu kumfa mai tasowa, salansa ma ba farin hayaƙi. Nan hankalina ya kwanta.

Na bar ta ta ɗau zafi, allura ta wuce rabi, fanka ko motsi. Na kashe. Fiyus lafiya lau. Na jawo waya daga batir kai tsaye zuwa fankar, sai ga ta tana juyawa da ƙarfinta, to ba ita ce ta mutu ba kenan, saura rile, mai sakar wa fanka wuta, da suwic ɗin nan da ke jin zafin ruwa. Na zare soket ɗin suwic ɗin na haɗa bakin wayoyin biyu da ɗan guntun waya na murɗa makulli, rile ya ce ƙas, fanka ta tashi. Shi ke nan, suwic ne. Ɗan ƙaramin abu da bai kai babban yatsa ba, bakinsa duk ya yi kore, shi ya so ya ƙona min injin.

Ƙanina na tsaye yana miƙo min sifana sai ya ce, “Yaya, ka cire tamostat ɗin kawai mana ka jefar, haka kowa ke yi, ko ka haɗa fankar dairek.” Wallahi shawarar nan tana ba ni haushi duk da na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Tamostat ba ado ba ne, shi ke tare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90, in babu shi injin zai daɗe a sanyi ya sha mai kuma ya ci kansa a hankali, ciwon asali kuma yana nan an rufe shi ne kawai. Na ce masa zo mu gwada shi ka gani. Na kwance shi, a jikinsa an buga 82, wato zafin da yake fara buɗewa, muka sa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, tun kafin ruwan ya tafasa ya buɗe baki a hankali, da muka tsamo shi ya huce ya rufe. Lafiyarsa ƙalau, na mayar da shi da sabuwar gasket ɗinsa.

Tunda na riga na zubar da ruwan sai na wanke lagireton ciki da waje, ƙura da matattun ƙwari sun cika haƙarƙarinsa. Robar murfin ma ta tsattsage, na canza shi da mai lambar matsi 0.9 irin na da, don murfin da ba ya riƙe iska shi ke sa ruwa ya tafasa da wuri. Na ɗaura sabon suwic, na zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, rabi ruwa rabi, ruwa zalla shi ya jawo tsatsar nan tun farko a hannun wanda na sayi motar wurinsa.

Fitar da iska ne ya ci min lokaci, hita a ƙure, ina matsa tiyon sama kumfa na fitowa ina ƙara ruwa har ya daina sauka. Da yamma na bar ta a tsaye tana aiki, allura ta kai tsakiya fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan jim ta tsaya, ta sake tashi. Tiyon ƙasa ne dai bai kwanta min ba, ya yi laushi da yawa kusa da kilif, gobe in Allah ya kai mu zan canza shi kafin in yi tafiya mai nisa da ita.