Allurar Botox a hammata: abin da na gani bayan shekaru

Wari ne ya kai ni wurin likitar fata, amma zufa ta yi wa magani, kuma tun ranar farko ta faɗa mini haka.

Aikin ba shi da tsawo. Ta shafa aidin a hammata, ta barbaɗa sitaci, duk inda zufa ke tsattsafowa ya koma baƙi-baƙi. Nan ta bi da siririyar allura, wuri 10 zuwa 15, awo 50 a kowace hammata, cikin fata ba cikin tsoka ba. Akwai zafi, amma mai wucewa. Kafin mako ya zagayo rigata ta daina jiƙewa.

Shi Botox dafin ƙwayar cutar Clostridium botulinum ne da aka tace, yana tare saƙon da jijiya ke aika wa ƙullutun da ke fitar da zufa. Tun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi don zufar hammata mai tsanani. Ba ya kashe ƙullutun, shi ya sa bayan wata shida ko kusa da haka jijiyar ke farfaɗowa, a koma gidan jiya. Haya ce kike biya, gidan ba zai zama naki ba.

Warin fa? Ya ragu sosai, amma bai tafi ba. Hammata na da ƙullutu iri biyu: mai zufar ruwa, da mai fitar da wani abu mai maiƙo wanda ƙwayoyin cuta da ke zama a fata irin su Corynebacterium ke ci su bar tsami. Allurar ta fi ƙarfi a kan na farko. Idan wuri ya bushe ƙwayoyin ba sa sakewa, sai dai ranar da raina ya ɓaci ko na sa rigar leda, ina jin abina. Aske gashi, sabulu da tufafin auduga har yau suna nan.

Da aka yi ta maimaitawa, tazarar ta ƙara tsawo, kuma likitar ta ce ana ganin haka ga mutane da yawa. Abin da ta ƙi shi ne in dawo da wuri saboda biki ya matso: yawan yi kusa-kusa na iya sa jiki ya ƙirƙiri garkuwa, maganin ya daina kamawa.

Da na samu ciki aka dakatar. Na yi fargabar zufar za ta dawo da fushi, sai ta dawo yadda take a da, ba ƙari. Lokacin zafi nakan ji bayana ya ɗan fi jiƙewa, bai kai ya dame ni ba.

Kuɗin ne ke cizo. Wata ƙawata ta nuna mini mai yin ta da araha a shagon kwalliya, na ƙi. Magani ne da ake ajiyewa a firij, jabunsa kuma ya kwantar da mutane a asibiti a Amurka a 2024. Yanzu nakan daidaita allurar ta faɗo gab da bazara, in bar hunturu ya wuce ba ita.