Asabar, ni da 'yar yayata da zanen Yellowstone

Yau ban leƙa kasuwa ba. 'Yar yayata da ke karatun zane a Zariya ta zo hutu, muka wuni a zaure tana nuna min hotuna a wayarta. An ba su aiki kan masu zana tsaunuka da koguna da dazuzzuka.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Thomas Moran, ɗan Amurka. A 1871 ya bi tawagar masu binciken ƙasa zuwa Yellowstone, wani yanki a ƙasar Amurka, ya dawo da zane-zanen kwazazzabai da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Aka nuna wa 'yan majalisa su tare da hotunan da William Henry Jackson ya ɗauka. Ran 1 ga Maris 1872 Shugaba Grant ya sa hannu, wurin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa, irinsa na farko a can. Daga baya majalisar ta sayi babban zanensa kan dala 10,000. Wato mutanen da ba su taɓa taka wurin ba, fenti ne ya sa suka ji nasu ne.

Na ce mata, "Kai, wannan wuri da kyau yake!" Sai ta ce, "Kawu, duba da kyau, ina mutanen?" Na ƙura ido, sai wasu 'yan mitsi-mitsi can ƙasa. Alhali ƙabilun asalin Amurka, Shoshone da Crow da Bannock, sun daɗe suna farauta da zama a yankin tun kafin zuwan Turawa, kuma bayan kafa gandun aka raba su da shi. Abin ya sosa min rai ƙwarai. Mai zane ya nuna ƙasa kamar ba ta da mai ita, masu kallo kuwa suka yarda.

Bayan la'asar na ba yaro ɗari ya sayo sukari, sai idona ya faɗa kan Dutsen Zuma a bayan takardar. A 1999 aka fara sa shi a kanta, har ya zama fuskar Nijeriya. Amma wa yake tuna Gwarawan da suka zauna a gindinsa suna fakewa da shi lokacin yaƙi, in ya kalli kuɗin?

Ta ce in za ta koma makaranta za ta bi ta Madalla ta zana dutsen, da masu tallar doya a bakin titi da gonakin da ke kewaye da shi. Na ce kuɗin mota da na fenti suna wuyana, amma zanen farko nawa ne, a shago zan rataye shi.